Shagon buga takardu da ke kula da launi

Abin da ya bambanta wannan shago da maƙwabtansa shi ne ma'aikacinsa ba ya sakin aiki ga firinta sai ya duba saitin launi. Ya san Microsoft Word ba ya buga launin bayan shafi sai an kunna masa wannan zaɓi, kuma PowerPoint yana fitar da komai ruwan toka idan an bar saitin launinsa a kan ruwan toka. Shuɗin da ke ƙyalli a allon kwamfuta yakan dushe a takarda, domin allo da haske yake haɗa launi, firinta kuwa da tawada huɗu, shi ya sa ma'aikacin yake fara buga shafin gwaji ya nuna wa wanda ya kawo aikin. Farashinsa dai da ɗan tsada, kuma layi yakan yi tsawo da hantsi.