Shagon tura fina-finai na bakin layinmu, da maganar albasa

Ranar Litinin da daddare, wajen ƙarfe goma da rabi, muna zaune mu huɗu a tsakar gida mun kewaye waya ɗaya da aka jingina da fulas ɗin shayi. Tun la'asar aka ɗauke wuta. A cikin shirin, tsohuwa tana kwance a gadon asibiti, ɗanta da ya shekara bakwai bai taka ƙofar gidanta ba ya durƙusa ya riƙe ƙafarta. Ta buɗe baki ke nan za ta yi magana, sai hoto ya tsaya cak. Na taɓa, na ja baya, na kashe na kunna, a nan dai yake cijewa, minti 41 da 'yan daƙiƙu. Uwargida ta dube ni ta ce, "To Alhaji, ta yafe masa ko ba ta yafe ba?" sai ka ce ni na rubuta labarin. Da wannan tambaya muka kwana.

Washegari kafin in wuce kasuwar Kwari na biya ta wurin wanda ya tura mana. Shagon nasa ɗan ƙarami ne a bakin layinmu a Gwammaja, tsakanin mai cajin waya da mai shayi. Kwamfutocin cinya biyu, wasu 'yan akwatunan ajiya guda uku da ke maƙale da su, kebul kala-kala a rataye jikin ƙusa, benci ɗaya, da sola a kan rufi. Shekarata biyar ina hulɗa da shi, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Da na faɗa masa abin da ya faru bai yi musu ba. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ina cikin saukewa netwok ya yanke, ban duba ƙarshensa ba." Ya sake tura mini cikakke bai karɓi ko sisi ba. Amma wannan shi ne karo na uku a bana, kuma duk ukun a daidai inda ran mutum yake a wuya ake yankewa. Ban taɓa samun wanda ya yanke a wurin talla ba. Duba ƙarshen fim kafin a tura ba ya cin minti ɗaya, na kuma gaya masa haka.

Ni ba mai kallo ba ne a da. Mai sayar da atamfa da shadda ne, in fita da safe in dawo bayan magariba, fim a wurina abin mata da yara ne. Lokacin da tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo shirin Daɗin Kowa, ina jin hayaniyarsu daga ɗaki, in wuce abina. Kullen korona ne ya zaunar da ni. An rufe Kano a tsakiyar watan Afrilun 2020, azumi ya kama muna cikin gida, kuma duk wanda yake garin nan a lokacin bai manta yadda dattawa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya ba. Mahaifiyata tana cikinsu. Mu ƙalilan ne muka kai ta, ta'aziyya kuwa yawanci ta waya aka yi. Ban zubar da hawaye ba, ko a maƙabarta, ko ranar sadakar uku. Ni ne babba, ni ke ba ƙanne haƙuri.

Bayan wata biyar ko shida, ina cin tuwo suna kallon wani shiri mai dogon zango. An gama zaman makoki a cikin labarin, mutane sun watse, sai aka nuna 'yar mamaciyar tana naɗe tabarmi ita kaɗai. Ta zo kan tabarmar da uwar take salla, ta tsaya, ta kasa naɗewa. Ba ta yi magana ba, babu ihu, babu faɗuwa ƙasa. Loma ta tsaya mini a maƙogwaro. Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kukan da ban yi ba tun watan azumi. Da na fito na ce mura ce. Uwargida ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ba ta ƙara komai ba, amma mako mai zuwa sai na tarar an ajiye mini kujera a inda ake ganin allo sosai.

Daga nan na zama ɗan gari a shagon nan, kuma abin da ya riƙe ni ba arha ba ce kawai. Yaron ya san abin da kowa yake so. Yana da wani ma'auni nasa da yake kira albasa. In ya miƙo wayar sai ya ce, "Baba, wannan albasa ɗaya ce," wato akwai ɗan sosa rai amma za a iya kallo ana cin gyaɗa. Albasa biyu, a kori yara su kwanta. Albasa uku kuwa sau huɗu kawai na ji ya faɗa a shekara biyar, kuma duk huɗun bai yi ƙarya ba. Abin da na fi yaba masa shi ne bakinsa yana da linzami. Ya riga kowa kallo, tunda shi ke saukewa, amma ko ka roƙe shi ba zai gaya maka wa ya mutu ba. Na taɓa gwada shi, na ce ya dai faɗa mini ko za a mayar da auren. Ya yi dariya ya ce, "Ai in na faɗa na rage wa kayana daraja."

Masu zaman bencinsa ne matsalar. Kullum akwai samari uku ko huɗu da ba turi ya kawo su ba, hira suke. Wata Juma'a ina tsaye ina jiran a gama mini, ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, "Ai ni tun da suka kashe direban nan na daina bi." Direban nan kuwa shi na fi so a duk shirin, ni kuma ina baya da kashi uku. Na karɓi wayata na tafi gida kamar wanda aka yi wa rasuwa, na zauna ina kallon mutum yana dariya yana shirin aure, alhali na san kwanansa ya ƙare. Abin mamaki, da wurin mutuwar ya zo sai ya fi yi mini ciwo. Duk da haka ba na so a sake. Yanzu ɗan autana nake aika da wayar, shi ba ruwansa da zancen manya, ƙwallo ce a kansa.

Farashi: a 2020 naira 50 nake ba shi kashi ɗaya, yanzu 100 ne, zango guda kuma mukan daidaita a 600 ko 700. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 janareta ya gagari irinsu, dole ya haɗa sola, sannan a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Idan ka lissafa abin da kallon awa guda a YouTube zai ci maka, ga tsayawa da jujjuyawar nan da hoto yake yi in netwok ya yi rauni, naira 100 ba ta yi yawa ba. Turin ma ba ya ɗaukar lokaci, ta kebul ko ta Xender, kafin mai shayi ya soya maka ƙwai an gama.

Memori dai kada ka saya a wurinsa. Na sayi wanda aka rubuta gig 32 a jiki, ashe cikinsa bai kai haka ba. Irin waɗannan jabun an saita su ne su yi wa waya ƙarya game da girmansu, za ka ga komai ya shiga lafiya, amma da ka wuce ainihin abin da zai iya ɗauka sai fayiloli su fara lalacewa. Haka na rasa zango guda cur, tare da hotunan sunan jikata, wanda shi ya fi ƙona mini rai. Na yarda shi ma sayar masa aka yi, ya kuma mayar mini da kuɗina. Na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayi na gaske, na sa aka cika shi a gabana aka gwada.

Wani abin kuma ba laifinsa ba ne, na masu shirya fina-finan ne, amma tunda na fara bari in amayar. Sarewar nan ta baƙin ciki da ake sakawa tun kafin a faɗi mugun labari, don Allah a rage. Da ka ji ta ka san me zai biyo baya, hawayen sai ya koma. Kukan da ake ja har minti biyar, mace tana birgima ana rirriƙe ta, ni ba ya taɓa ni, 'yata ma dariya take. Wuraren da suka karya ni duk masu shiru ne. Uba yana ƙirga kuɗin kayan ɗakin 'yarsa a ɗaki shi kaɗai, ya ƙirga sau biyu bai kai ba, ya ji motsinta sai ya tura ƙarƙashin filo ya ƙaƙalo murmushi. Ko matar da aka saka, ta gama haɗa kaya, ta koma kicin ta rage wutar girkin da ba za ta ci ba don kada ya ƙone. Wanda ya aurar da 'ya a wannan zamani ya san na farkon ba wasa ba ne. Sai kuma talla. Ana tsaka da wankan gawa a yanke a kawo maka mai maganin basir yana ihu da lambar waya. Na san da kuɗin tallan ake biyan 'yan wasa, amma a nemi wurin da ya dace. Na tambayi yaron ko zai iya yanke mana su, ya ce aikin zai yi masa yawa, kuma gaskiyarsa.

Akwai abin da yake ɗan damuna game da sana'ar gaba ɗaya, ba zan ɓoye ba. Na ga lokacin da Ƙofar Wambai take cike da masu sarin kaset da faifan CD, na kuma ga yadda kasuwar ta mutu, har masu fim suka koma dogon zango a talabijin da YouTube. A can yawan masu kallo ne kuɗinsu. In yaron nan ya sauke sau ɗaya ya tura wa mutum ɗari biyu, a lissafin masu shirin mutum ɗaya ne ya kalla. Ni ɗan kasuwa ne, na san zafin a kwaikwayi zanen atamfarka a sayar a rabin kuɗi. Abin da nake yi, shiri biyun da na fi so, ranar da suka fito nakan sayi data in buɗe su a tasharsu, sauran in karɓa a shago. Ban ce hakan ya wanke ni ba. Shi ma yaron da wannan benci yake biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta.

Wanda yake kusa da Gwammaja, yake da ƙaramar data da gida cike da masu jira, zan ce ya je, amma ya sa a ja masa fim ɗin zuwa ƙarshe a gabansa kafin ya bar wurin, ya kuma toshe kunne daga 'yan benci.

Shi kuwa kashin da ya yanke mana, na yi wa uwargida alkawarin ba zan buɗe ba sai mun haɗu da daddare. Ban cika ba. Bayan azahar kasuwa ta ɗan lafa, na shige bayan dilolin shadda na sa abin kunne na ja zuwa minti 41. Ba zan faɗi abin da tsohuwar ta ce ba, kalma huɗu ce kacal. Ina cikin haka wani baƙona daga Maraɗi ya yi sallama yana neman turmi ashirin, ya dube ni ya ce, "Alhaji lafiya, idonka ya yi ja?" Na ce ƙurar kaya ce. Da daddare na zauna na sake kallo da su daga farko, ina yi kamar ban sani ba, kuma a daidai wurin sai da na sake tashi na shiga banɗaki.