Gargaɗi: kada ka karanta wa kowa lambobin nan 6 da WhatsApp ke turowa, ko da ya san sunan kakanka

Jama'ar Katsina, a yi hattara. Abin nan a zaurenmu na WhatsApp na masu kiwon tantabaru ya faru, ranar Talatar da ta wuce.

Zauren namu hira ce kawai. Wannan ya saka hoton 'yan shilar da aka ƙyanƙyashe masa, wancan ya yi kukan tsadar gero, a yi musun Katsina United in an buga wasa a Karkanda, a tsokani wanda aka mayar aiki Funtuwa ya bar tsuntsayensa a hannun yara. Wata uku baya wani ya shigo, ya ce shi ma kiwon yake yi a wajen Ƙofar Marusa. Ba shi da surutu. Barka da Juma'a, "Allah shi sa albarka" a ƙarƙashin hoto, shi ke nan. Ashe haddace mu yake yi ɗaya bayan ɗaya.

Bayan La'asar aka kira kawuna, wanda shi ne babba a cikinmu. Mai kiran ya gaishe shi da laƙabin da mu kaɗai ke kiransa da shi, ya tambayi ƙafar da ke damunsa, har ya yi masa jajen tantabarun da mage ta cinye masa da damina. Duk wannan a zaure Kawu ya faɗa da bakinsa. Sai ya ce: "Ranka shi daɗe, za mu yi taro ta waya bayan Isha'i kan tafiya kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi. An turo maka lambar shiga, karanto mani in saka sunanka." Kawu ya karanto. Wa zai zargi wanda ya san ciwon ƙafarsa?

Lambobin nan ba na wani taro ba ne. WhatsApp ke turo su ta tes duk sanda aka nemi buɗe layinka a wata wayar. Ɓarawon ya riga ya saka lambar Kawu a tasa wayar, abin da ya rage masa ke nan. Yana shigar da su aka fitar da Kawu, shi kuma ya zauna da hotonsa da sunansa da duk zaurukan da yake ciki.

Kafin Magariba saƙo ya fara zagayawa: "Ɗana, ina asibiti, bankina ya ƙi fitar da kuɗi, tura dubu 40 a wannan asusun, da safe in maido maka." Mutum uku sun tura, har da wani tela da ya taɓa kuɗin ɗinkin mutane. Ni ma saura ƙiris. Abin da ya tsayar da ni, Kawu bai taɓa rubuta mani saƙo ba, murya yake aikowa, sai ya yi minti biyu yana gaisuwa kafin ya zo kan magana. Sunan da ya fito a asusun kuma ba nasa ba ne. Na kira shi kai tsaye, na same shi a majalisa yana shan shayi, bai ma san wainar da ake toyawa ba.

Don Allah yau ɗin nan ku shiga saitin WhatsApp, ɓangaren asusu, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ku saka PIN da imel. Ku yi wa iyayenmu ma, su aka fi farauta saboda ba a iya ƙin roƙonsu. Wanda ya nemi kuɗi a rubuce, kira layinsa ka ji muryarsa tukuna. Wanda ya riga ya tura, ya sanar da bankinsa nan take, ya ajiye shaidar turawar ya kai wa 'yan sanda.

In an ƙwace naka, sake rajista da layinka, sabuwar lamba za ta zo, shigar da ita na fitar da ɓarawon. Sai dai in ya saka nasa PIN ɗin, sai ka jira kwana 7. Haka ta faru da Kawu. An fitar da mutumin, amma Kawu ma ba zai shiga ba sai Talata mai zuwa. Bawan Allahn Ƙofar Marusa kuwa ya fice daga zaure a daren, layinsa a kashe, kuma da muka tambaya babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin fuskarsa.