Kano, Kaduna, Abuja ko Jos: ina mai ƙananan yara zai sauke kayansa?

Ƙanena ya samu aiki irin wanda ba ya barin mutum ya zauna wuri guda, aka ce ya zaɓi inda zai ajiye iyali cikin garuruwa huɗu da suke da ofis: Kano, Kaduna, Abuja da Jos. Yaransa biyu, babbar shekararta shida, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Ya kira ni bayan isha'i ya ce, "Yaya, kai da ka zaga, ina za mu nufa?" Na ce masa ya fara zama da matarsa, don shi kullum yana hanya, ita ce za ta wuni da garin. Sauran abin da muka tattauna shi ne wannan.

Kano ta fi sauƙin shiga ga Bahaushe. Ba za ku kwana uku ba maƙwabta sun yi sallama, kusan kowane layi da Islamiyyarsa, cefane ya fi na Abuja sauƙi nesa ba kusa ba, in ciwo ya yi tsanani ga asibitin Malam Aminu Kano ga na Murtala. Tun 2000 jihar ke bin shari'ar Musulunci, Hisba kuma hukumar gwamnati ce tun 2003, don haka akwai tarbiyyar da gari ke taya ka. Sai dai zaman Kano zaman sa ido ne. Matar da aikinta ke kai ta bayan magariba za ta sha tambaya a wasu lungunan cikin birni, alhali a Nasarawa ko Hotoro da wuya a kula da ita.

Siyasar Kano da zafi, amma ka rarrabe wadda ke ƙarewa a rediyo da wadda ke iso ƙofar gidanka. An raba masarauta gida biyar a 2019, an tuɓe Sarki Sanusi a 2020, an dawo da shi a 2024, duk wannan bai hana yaro zuwa makaranta ba. Rusau kuwa ya shafi aljihu. Gwamnatin da ta hau a 2023 ta rushe shagunan filin Idi da ginin da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, a kan filayen da gwamnatin baya ta bayar. Saboda haka kada baƙo ya yi gaggawar sayen fuloti don dillali ya rantse masa. A je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar, a duba takarda tukuna. Kafin ka biya haya kuma, tambayi mai shayin layin ko 'yan daba na leƙowa, zai faɗa maka abin da mai gida zai ɓoye.

Firamaren gwamnati a Kano cunkoso ne, gwamnatin da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Abin da ke rufa wa mai albashi asiri shi ne yawan makarantun kuɗi masu haɗa boko da hadda, kowa da daidai ƙarfinsa. Gaba kuma, in yaro ya yi ƙoƙari, akwai makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe tun 1977, waɗanda da jarrabawa ake shigarsu.

A Kaduna na fi daɗewa, kuma duk wanda zai zauna can sai ya san kogi. Tun rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da wani rikicin na 2002, jama'a suka ja da baya kowa ya nemi nasa: Musulmi suka fi yawa a arewacin kogin, a Kawo, Malali, Unguwar Rimi, Tudun Wada da Rigasa, Kirista a kudancinsa, a Sabon Tasha, Television da Narayi, Barnawa kuma ta rage a cakuɗe. Akwai ranar da jita-jita ta tashi da tsakar rana cewa an fara faɗa. Ni ina ofis, 'yata tana makaranta a tsallaken gada, masu shaguna na ta jan ƙofa, wayar malamarsu ba ta shiga. Ba abin da ya faru daga ƙarshe, amma awa biyun da na yi a bakin gada sun ishe ni. Ƙarshen zangon nan na sauya mata makaranta, na dawo da ita ɓangaren da muke kwana. Makarantar farko ta fi kyau, ban musa ba.

Duk da haka ina son Kaduna saboda yara. In ka zaɓi makaranta mai cakuɗe, ɗanka zai zauna benci ɗaya da Bajju da Atyap da Gbagyi da Bayarabe, ya riƙe Hausarsa, Turanci kuma ya zauna a bakinsa. Makarantun gwamnati sun sha jijjiga a 2017, lokacin da gwamnatin El-Rufa'i ta sallami malaman firamare 21,780 da suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ɗauki wasu. Har yau wasu na sa masa albarka, wasu na tsine masa. Babban abin dubawa shi ne tsaro. Afaka da Bethel Baptist a 2021, Kuriga a 2024, duk makarantun da aka kwashi ɗalibai a bakin daji suke ko a ƙauye. Gida mai arha a ƙarshen gari, inda daga bayan katangarka sai gona, ba arha ba ne. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja yana aiki tun 2016, an kai masa hari a Maris ɗin 2022, daga baya ya dawo.

Abuja kuwa sunanta ya fi zamanta daɗi ga mai matsakaicin albashi. Wuse da Garki da Maitama ba naka ba ne. Za ka ƙare a Kubwa ko Lugbe ko Gwagwalada, ko ma Mararaba da ke jihar Nasarawa, ko Suleja ta jihar Neja. Wanda ya zauna Mararaba ya san fita bayan asuba da dawowa bayan isha'i, yara ba sa ganin ubansu sai Asabar. Babu gwamna a Abuja, minista ne da shugaban ƙasa ke naɗawa, ba ƙuri'arka ce ta kawo shi ba. Firamaren gwamnati na hannun ƙananan hukumomi shida, kuma a 2025 malamansu sun yi yajin aiki sama da wata uku kan mafi ƙarancin albashi. Makarantar kuɗi za ka nufa ke nan, inda bayan kuɗin zango akwai na mota, na yunifom, na littattafai, na bikin ƙarshen shekara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kaɗaici. A rukunin gidajen Abuja mace za ta yi wata guda ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, bayan shekara biyu kuma ka yi wa ɗanka Hausa ya amsa maka da Turanci. In matar ma'aikaciya ce mai neman ci gaba, to lissafin ya sauya, don nan ne ba mai ƙirga mata lokacin dawowa.

Jos ga sanyi, ga kayan lambu, ga makarantu masu tsohon suna. Amma rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni fiye da na Kaduna, kuma tushen rigimar, wato wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, yana nan. Mai dangi a Gangare ko Unguwar Rogo ko Bauchi Road zai zauna lafiya lau, ya san inda ake bi da inda ba a bi. Baƙon da bai san kowa ba, mai barin mata da yara ya yi tafiyar mako, ban ba shi shawara ba.

Maganar ɗan ƙasa ba ta tsaya a Jos ba. Ko a Kano aka haifi ɗanka, in kai ɗan Katsina ne, takardar shaidar asalinsa daga ƙaramar hukumarku za ta fito, kuma da ita za a neme shi wajen tallafin karatu na jiha, da gurbin makarantun sakandare na tarayya, da ɗaukar aiki. A karɓo wa yara tun suna ƙanana.

Duk garin da aka tsayar, kada a zaɓi makaranta ranar da mai ita ya gayyace ka. Je ka ranar Talata da misalin sha ɗaya ba sanarwa. Ƙirga yaran aji uku, karɓi littafin ɗaya ka ga yaushe rabon da malami ya sa jan biro, leƙa banɗakin 'yan mata, tambayi malama shekararta nawa a nan. In duk malaman sababbi ne, albashi ba ya fita. Ka kuma bi hanyar daga gida zuwa makarantar da ƙarfe bakwai na safe, in da hali ranar da aka yi ruwa.

Ƙanena Abuja ya so, don kusa da manyan ofis. Matarsa ta ce masa, "Baban Ummi, ni dai inda zan riƙe hannun yarinyar nan in kai ta makaranta da ƙafa." Suka kama hayar shekara ɗaya a Malali, makaranta layi uku daga gida, shi kuma ranar Litinin yana bin jirgin safe daga Rigasa. Fulotin da wani dillali ya yi ta tallata masa a hanyar Millennium City, na ce ya bari sai damina ta wuce mu je mu ga inda ruwa ke kwanciya.