Anarkali ko Mughal-e-Azam: wanne za a fara kallo?

'Yar'uwa, kin ce an nuna miki tsofaffin finafinan Indiya biyu a kan soyayyar Yarima Salim da Anarkali, kina tambaya ko abu ɗaya ne, kuma wanne ya fi. Labarin dai ɗaya ne: ɗan Sarki Akbar ya kamu da son mai rawa a fada, uban ya ce ba za ta saɓu ba. Amma inda kowanne ya sa gaba daban.

Anarkali ya fito a 1953, Bina Rai da Pradeep Kumar ne jaruman. Fim ne na masoya zalla, kuma waƙoƙin da C. Ramchandra ya tsara, Lata Mangeshkar ta rera, su ne ƙarfinsa. Akbar a nan shinge ne kawai tsakanin masoyan.

Mughal-e-Azam na darakta K. Asif, wanda ya fito a 1960, shi kuwa rigimar uba da ɗa ce. Prithviraj Kapoor ya fito a Akbar mai son ɗansa kamar ransa, amma gadon sarauta ya ɗaure masa hannu, har ta kai su ga fito-na-fito a fagen yaƙi. Dilip Kumar, wanda ya fito a Salim, ba ya ɗaga murya a banza, da ido yake yawancin maganarsa. Madhubala kuma, wadda ta fito a Anarkali, ta yi aikin ne tana fama da ciwon zuciya, ta ja sarƙoƙin ƙarfe masu nauyi a fitowar kurkuku, ciwon nan ne ya yi ajalinta a 1969 tana da shekara 36. Ki lura da waƙar Pyar Kiya To Darna Kya, kiɗan Naushad, a zauren madubai: tana rawa, tana gaya wa sarki a gaban fadawansa cewa ba ta tsoro, hotonta ya cika kowane madubi. Ba banza ba fim ɗin ya riƙe kambin kawo kuɗi a Indiya shekara 15, sai da fim ɗin Sholay ya zo a 1975.

A ƙarshen labari ne na 1953 ya fi burge ni. An gine Anarkali da ranta a cikin bango, Salim ya iso bayan aikin gama ya gama. K. Asif kuwa tausayi ya ci shi: Akbar ya fitar da ita ta ɓoyayyar hanya saboda alkawarin da ya taɓa yi wa mahaifiyarta, Salim na zaton ta mutu. A ganina an yi haka ne don a wanke sarki.

Duk da haka ki fara da Mughal-e-Azam. Akwai wanda aka yi wa kala a 2004, yana da kyau a ido, sai dai an rage tsawonsa. In kin samu na asali baƙi-da-fari, shi za ki ɗauka, domin ko a cikinsa waƙar madubai da kala aka ɗauke ta.