Na Ingila ko na Amurka? Hajiya, ki ce a zuba miki na Ingila

Hajiya, tun jiya na ga tambayarki a kan wanne za a zuba miki a kati cikin shirye-shiryen Kitchen Nightmares guda biyu, na Ingila da na Amurka, na Gordon Ramsay, mai gyaran gidajen abincin da suka durƙushe. Duka biyun na saya da kuɗina a nan Yamai, ɗaya har yau yana cikin wayata, ɗayan kuwa na goge na zuba wa yara karatu.

Na Ingila tashar Channel 4 ce ta fara shi a 2004. Ramsay ne da bakinsa yake ba da labarin, babu kiɗa mai tsinka zuciya, kyamara kawai tana bin sa cikin kicin. Zai buɗe firji ya sunsuna, ya tambayi nawa ake sayo nama, nawa ake sayar da faranti, ya zauna da mai gida su yi lissafi. Bayan kamar wata guda ya dawo ya ga ko an riƙe abin da ya koyar. Akwai wata Ba'amurkiya mai ƙaramin gidan abinci a Brighton da ya cinye abincinta tas, ya miƙa farantin babu ko ɓurɓushi. Girkinta lafiya lau, yadda ake tafiyar da wurin ne ya lalace. Wannan kashin sau uku na kalle shi, don kamar da ni yake magana.

A lokacin, rumfata da ke Bukoki kala tara nake dafawa kullum, wai don kada mai saye ya juya. Zafin Afrilu ya shigo, wuta tana ɗaukewa, da yamma sai in tarar miya biyu sun yi tsami, in zubar ina ƙunar rai. A shirin na ga abin da yake yawan yi shi ne ya rage jerin abinci, ya ce a dafa kaɗan, sabo, da kayan da ake samu a kusa. Na koma kala huɗu: dambu da zogale, shinkafa da miya, tuwo, sai wake da shinkafa. Ƙarfe uku tukwanena sun yi fes. Yarinyar da ke taya ni ta ce, "Anti, yau me za mu zubar?" Muka bushe da dariya.

Na Amurka kuma, tashar Fox, 2007. Hayaniya ce da kuka da buga ƙofa, sai a yi wa gidan sabon fenti da kujeru cikin dare, kowa ya rungumi kowa. Ba zan ce ba ya da daɗin kallo ba, in kina son faɗa. Akwai ma na 2013 a Arizona da ya tattara ya bar masu gidan bai gama ba. Amma ni ban tsinci abin da zan kai kicin ba.

Abin dariyar, zagi ya fi fita a na Ingila. Can bayan ƙarfe tara na dare ake sa shi, ba a toshe ashar, a Amurka kuwa ƙara ake ɗorawa a kan kalmar. Don haka kada ki kunna a gaban yara ko surukai. Mutumin ɗaya ne, haifaffen Sikotlan a 1966, mai gidan abinci a Landan da ke riƙe da taurarin Michelin uku, lambar yabo mafi girma da littafin Michelin ke ba gidajen abinci, tun 2001. Masu yankan hoto ne suka san abin da masu kallonsu ke so. In kina tantama, ki duba yadda yake lallashin yara a MasterChef Junior, gasar girki ta yara, shi ma a Amurkar ake yi. Ki kuma sani akwai naman alade da giya a wasu girke-girken, tsarin aikin za ki ɗauka, ki bar musu tukunyarsu.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu zubawa. Na Amurka ya haura bidiyo 90, na Ingila bai kai rabinsa ba, saboda haka wasu sukan cika kati da na Amurka su ce miki duk ɗaya ne. Wani kuma ya ba ki na Faransa, na Philippe Etchebest, tunda da Faransanci sunan ɗaya ake kiran su. Shi ma ba laifi, kuma za ki ji maganar kai tsaye, sai dai ba shi kika biya ba. Ni an taɓa sayar mini kati an rubuta giga 64, na iso gida rabin bidiyon ba ya buɗewa, jika biyar ta tafi. Ki sa ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe a gabanki kafin ki miƙa ko dala. In kika ji wani ƙato yana ba da labari da murya kamar ta tallar fim, kiɗa na tashi, na Amurka ne, ki ce ya goge.