GARGAƊI ga duk mai shirin shimfiɗa ciyawar roba a gidansa

Jama'a kwana uku ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma yau dai sai na faɗa ko zuciyata ta yi sanyi. Wani ɗan kwangila ya cuce ni. Kashi 70 cikin 100 na kuɗin aiki na ba shi kafin alƙalami, kashi 70 fa, tun kafin ya sa ko shebur ɗaya a ƙasa.

Abin da nake so ba wani babban abu ba ne, ɗan filin ƙwallo na yara a harabar gidana ta baya, mita 12 a tsawo mita 6 a faɗi, a shimfiɗa ciyawar roba a zagaye shi da ɗan dakali mai tudu don ya riƙe tsakuwar da ke ƙasa kar ta baje. Shi ke nan. Na gaji da ganin yara suna buga ƙwallo a titi.

Kuma kar wani ya zo min da cewa ban yi bincike ba, wallahi na yi. Mutumin nan ya zo har gida da samfur a hannunsa, ciyawa mai kauri, tsawon gashinta milimita 40, ya juya min bayanta ya nuna min ƙananan hujojin da ruwa ke bi ya wuce, ya ce yallaɓai taɓa ka ji, ja da ƙarfinka ka gani ko za ta tsige. Na ja ba ta tsige ba. Ya durƙusa a ƙasa da tef yana awo, yana min bayanin cewa sai an kwashe ƙasar sama kamar santimita 10, a shimfiɗa wani ƙyalle mai hana ciyawar gaske tsirowa, a zuba tsakuwa a daɓe ta da inji, a ɗan karkatar da filin don ruwa ya samu hanya, sannan a shimfiɗa, a haɗa bakin da gam, a watsa busasshen yashi a share shi ya shiga cikin gashin. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, haka ake aikin, na tabbatar daga baya. To ku faɗa min wa zai ji wannan bayani ya yi zargi? Har yanzu in na rufe ido ganinsa nake a durƙushe da tef ɗin nan yana cewa yallaɓai ka kwantar da hankalinka, kuma a tsaye a wurin na ciro waya na tura masa kashi 70.

Ruwan farko da aka yi filin ya koma tafki. Ruwa har idon sawu, kwana biyu bai janye ba, ciyawar ta taso tana lilo in ka taka ka ji laka tana motsi a ƙarƙashi. Dalili kuwa dakalin da ya gina ya toshe ko'ina ruf, bai bar ko ƙofa ɗaya da ruwa zai fita ba, ya gina min ƙwarya ce kawai ya shimfiɗa ciyawa a ciki.

Na manta ban faɗa ba, kafin ruwan ma ya sake karɓar kashi 20. Wai gam da yashin sama sun yi tsada, in ban ƙara ba aiki zai tsaya a haka. A lokacin an riga an tone min wuri, bulo a zube ko'ina, ya zan yi? Na ba shi. Kashi 70 da kashi 20, kashi 90 ke nan a hannunsa. Yashin nan har yau ko buhu ɗaya ban gani ba.

Ranar da aka kawo ciyawar ina wurin aiki, nan ne ya samu dama. Da na dawo an riga an shimfiɗa, falle uku, kowanne faɗin mita 4, sai na ga na tsakiyar launinsa ya bambanta da sauran, na yi magana ya ce hasken yamma ne. Ashe juya shi suka yi, gashin ya kwanta ta wani ɓangaren daban, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an ɗaga. Ciyawar ma ba irin samfurin ba ce sam, siririya ce irin ta ado, na auna da rula ko milimita 20 ba ta kai ba. Samfurin kuwa ya tafi da shi tun ranar farko wai zai nuna wa wani.

Bayan ruwan na kira wani mai aikin daban ya ɗaga kusurwa ɗaya a gabana. Ba tsakuwa, ba ƙyalle, yashin gini ne kawai aka watsa kan ƙasa ba a ko daɓe ba. Ya tura dakalin da ƙafa bulo biyu suka faɗi, a kan ƙasa aka jera su ba tushe. Ya ce komai sai an kwashe an faro daga farko. Ƙaramin yarona yana tsaye da ƙwallonsa a hannu yana tambaya ta Baba yaushe za a gama, na rasa abin da zan ce masa.

Hotunan aikin da ya nuna min a wayarsa ma ashe daga intanet ya kwaso, ƙanena ne ya gano su. Ina da sikirinshot na duk hirarmu, da shaidar turawa guda biyu, ta kashi 70 da ta kashi 20, da bidiyon ruwan, zan ɗora su duka in na gama rufe lambobin da ke jiki. Wayarsa a kashe mako na uku ke nan.

Ku dai ku riƙe samfur a hannunku, ku je ku taka filin da ya taɓa yi da ƙafarku, kar ku bari a rufe ƙasa ba ku ga tsakuwa ba, ku tambayi ta ina ruwa zai fita.

Kashi 90 jama'a. Na ja ciyawar nan da hannuna ba ta tsige ba, abin da ya sa na yarda da shi ke nan. Allah ya isa tsakanina da shi.