Nonon uwa ko madarar gwangwani: zaɓin mai jegon da jaririnta ba ya jure madarar shanu da waken suya

Da zarar likita ya shaida wa mai jego cewa jikin jaririnta ba ya karɓar furotin ɗin madarar shanu da na waken suya, shawarwari sukan yi mata yawa tun kafin ta sauke goyo, musamman a gidajenmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi, ƙasar Ghana, inda kowace maƙwabciya take da abin faɗa. Wata za ta ce nonon ne ya ɓaci, a yaye yaron. Wata ta ce akwai madarar gwangwani da aka yi domin irin wannan lalura. Wata kuma ta miƙo lambar wani mai sayarwa a WhatsApp. Na shayar da ɗiyata a cikin wannan hali, na kuma zauna a layin awo da mata da dama da suka bi hanyoyi dabam-dabam, kuma ba zan ɓoye ba cewa ina goyon bayan ci gaba da shayarwa tare da gyara abincin uwa, sauran hanyoyin kuwa na ɗauke su a matsayin mafita ce idan ta farko ta gagara.

Kafin a kashe ko sidi ɗaya, a tabbatar da cewa lalurar ce. Alamominta su ne zaren jini ko majina a cikin kashin jaririn da yake shan nono yana kuma wasa, ƙuraje masu ƙaiƙayi a kumatu da bayan gwiwa, yawan tumbuɗi, da kukan ciwon ciki bayan ya sha. Amma a garin da atuni da gudawa ba baƙi ba ne, jini a famfas yana iya zama cutar hanji ko ɗan tsagewa a dubura, don haka likitan yara ne zai raba gardama, ko a asibitin unguwa ko a asibitin koyarwa na Komfo Anokye. A ɗauki hoton famfas ɗin da waya a tafi da shi. Idan kuwa leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jariri ya yi laushi bayan amai mai yawa, ba a jiran ranar awo, a garzaya asibiti nan take.

Hanya ta farko, wadda nake fifitawa, ita ce uwa ta ci gaba da ba da nono amma ta cire madarar shanu daga abincinta gaba ɗaya, da waken suya idan likita ya ce a haɗa da shi. Dalilin shi ne ɗan kaɗan daga furotin ɗin abin da uwa ta ci yana ratsawa zuwa cikin nononta, kuma shi ne yake tayar da hanjin yaron. Nonon kansa lafiyarsa ƙalau, ba ya buƙatar gwajin tururuwa ko wani sassaƙe na wanke shi. Ana gwada wannan ƙauracewa na mako 2 zuwa 4. Jinin yakan ragu cikin kwanaki, amma fata da ciki sukan ɗauki lokaci, saboda haka kada a yanke ƙauna a makon farko. Bayan an ga sauƙi, likita yakan ce uwa ta sake shan madara na 'yan kwanaki domin a ga ko alamomin za su dawo, kuma wannan mataki ne da mata da yawa suke tsallakewa saboda tsoro, alhali shi ne yake hana uwa hana kanta abinci na wata da watanni a kan lalurar da watakila ɗanta ba shi da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla na wata 6, sannan a ci gaba har shekara 2 tare da abinci, kuma yaron da hanjinsa ya riga ya wahala ya fi kowa buƙatar kariyar da nono yake bayarwa daga gudawa.

Wahalar tana cikin ɗakin girki da bakin titi. Fura da nono, burkina, wagashi, man shanu, shayi mai madarar Ideal ko Nido, Milo, FanYogo, duk sun fita. Burodin bata da mafi yawan biskit ma haka. A ɓangaren waken suya akwai awara da tsiren awara, Vitamilk, daddawar waken suya, da garin Tom Brown wanda masu haɗa shi sukan zuba waken suya a ciki ba tare da sun rubuta ba. A kan leda ko kwali a nemi kalmomin milk, whey, casein, butter da soy, kuma a duba har dunƙulen ɗanɗano da sosej, domin wasunsu suna ɗauke da shi. Tataccen man waken suya da sinadarin lecithin yawancin yara suna jure su, amma a tambayi likita. Wurin da na fi ganin ana faɗawa shi ne teburin mai shayi da rumfar mai koko: cokalin da ya dama kofin wani da madara shi ne zai dama naki, kuma mai kokon takan ɗiga madara a kai don kyautatawa tun kafin ki buɗe baki. Ki faɗa tun kina miƙa kwano, ki kuma tsaya ki gani da idonki.

Abin da ya rage kuwa yana da yawa, kuma shi ya sa nake cewa macen Zongo ta fi matan Ingila da Amurka sauƙin wannan hanya, tunda abincinmu na asali bai dogara da madara ba. Tuwo da miyar ayoyo, kuka ko kuɓewa, wake da shinkafa, koko da ƙosai, dokunu da kifi, doya da miyar kontomire, kunun gyaɗa ba madara, kunun kanwa na jego, daddawar kalwa, nama, ƙwai, duk suna nan. Abin lura shi ne kalsiyam, wanda mai shayarwa take buƙatar kimanin miligiram 1000 a rana. Ƙananan busassun kifaye da ake ci har da ƙashi, zogale, garin kuka da riɗi suna taimakawa, amma likitoci sukan haɗa wa uwa da ƙwayar kalsiyam da bitamin D, kuma kuɗinta na wata bai kai na gwangwani ɗaya na madara ta musamman ba.

Sai kuma mutanen gida. Surukata ta aiko mini da ƙwaryar fura damammiya da nono da yamma, kamar yadda ake yi wa kowace mai jego, da na mayar sai ta zo da kanta ta ce, “Ke yarinya, da me za ki yi ruwan nono idan ba ki sha nono ba?” Na ce, “Mma, ku yi haƙuri, likita ne ya hana saboda jikarku, amma idan za ku dama mini da ruwa da sukari zan shanye.” Daga ranar ita ce take tsare mini kwano a gidan suna da na biki. A jawo uwar miji da mai gida cikin maganar tun farko, a nuna musu hoton famfas idan ya kama, domin su ne masu cefane da masu aiko da abinci. Ga ma'aikaciya kuma, dokar ƙwadago ta Ghana ta shekarar 2003 ta ba da hutun haihuwa na aƙalla mako 12, da awa ɗaya a lokacin aiki domin shayarwa, kuma tatsar nono a ajiye ta fi komawa gwangwani araha nesa ba kusa ba.

Idan nono bai wadata ba, ko uwa tana fama da rashin lafiya, ko yaro ba ya ƙara nauyi duk da ƙauracewar, to madara iri biyu ce kawai ta dace, kuma likita ne yake zaɓa. Ta farko ita ce wadda aka farfasa furotin ɗinta ƙanana sosai, kamar Nutramigen, Aptamil Pepti da Alimentum, wadda take yi wa kusan tara cikin goma na irin waɗannan yara. Tana da ɗaci da wari, kuma kashi yakan koma kore, wanda ba abin tsoro ba ne. Ta biyu ita ce ta amino asid, wato mafi ƙanƙantar ɓangarorin furotin, kamar Neocate, Alfamino da EleCare, wadda ake ajiyewa domin yaran da ta farkon ba ta karɓe su ba ko masu tsananin lalura, kuma ta fi tsada. Kafin a fara, a yi lissafi: jariri mai kilo 5 yana shan kusan mililita 750 a rana, wato gwangwani mai giram 400 ba zai wuce kwana 4 ba, kusan gwangwani 8 ke nan a wata, kuma duk daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Wanda ya yaye yaro ya dogara da kayan da kan yanke a kantunan Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, na tsawon makonni ya ɗaure kansa, domin nonon da ya ƙafe ba ya dawowa da sauƙi. Ko an fara gwangwani, uwa ta ci gaba da tatsa.

Madarar jarirai ta waken suya ta fita tun daga sunan lalurar, kuma dama ba a so a ba ɗan ƙasa da wata 6. Nonon akuya da na tunkiya furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, yawancin yaran ba sa jure su. Madara mai tambarin HA ko Comfort rabin farfasawa aka yi mata, ba ta isa ba. Kunun aya, ruwan shinkafa da koko ba abincin jinjiri ba ne, yunwa ce kawai za su jawo masa. Ba wa wata mata shayarwa kuwa yana buƙatar a gwada lafiyarta, ita ma ta bar madara, ga hukuncin 'yan'uwantakar shayarwa da zai hau kan gidaje biyu.

Inda nake so a buɗe ido sosai shi ne wajen saye, domin duk inda kaya ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, macuta suna nan. Yaudara mafi yawa ita ce a sayar wa uwa madara mai rubutun lactose free a ce ita ce maganin. Laktos sukarin madara ne, lalurar kuwa ta furotin ce, kuma furotin ɗin saniya yana nan cikakke a cikin wannan gwangwani. Wani mai kantin magani ya rantse mini cewa duk ɗaya ne, har yana cewa likitoci ne suke son wahalar da mutane. Da na juya gwangwanin na nuna masa jerin kayan haɗin, inda aka rubuta furotin ɗin madara ƙarara, sai ya ce ai kowa ita yake saya. Maƙwabciyata da ya sayar wa ta ga jini ya dawo a famfas ɗin ɗanta kafin gwangwanin ya kai rabi. Wannan ba a Kumasi kaɗai ake yi ba: a shekarar 2020 a lardin Hunan na ƙasar Sin an gano wani kanti yana sayar wa iyayen yara masu wannan lalura garin abin sha na furotin da sunan madara ta musamman, har yaran suka kamu da ciwon laushin ƙashi. A 2008 kuma madarar da aka gurɓata da sinadarin melamin a can ta shafi jarirai kusan 300,000, shida suka rasu.

Sai masu kawo kaya a akwati daga Ingila ko Amurka suna tallatawa a WhatsApp da Facebook. Wasu na gaskiya ne, amma mai saye ba ta da hanyar sanin watannin da gwangwanin ya yi a cikin zafin kwantena ko a rumfar kwano a kasuwar Kejetia. A juya gindin gwangwani a duba ranar ƙarewa da lambar rukunin kaya: a kan ƙarfen ake buga su, don haka idan an liƙa takarda a wurin, ko an ga alamar gogewa, ko tawada tana fita da ɗan yawu a yatsa, a ajiye shi. A ɗaga murfin roba a ga cewa rufin ciki bai ɓule ba kuma ba a sake manna shi da gam ba. Gwangwanin da ya lotsa, ya yi tsatsa ko ya kumbura ba abin saye ba ne ko da rabin kuɗi. Lambar rukunin tana da amfani na gaske, domin kamfanoni sukan janye kaya, kamar yadda aka yi a Amurka a watan Fabrairun 2022 da wasu rukunan Alimentum da EleCare saboda fargabar ƙwayar cuta, kuma wanda ya sayar a WhatsApp ba zai kira ki ya sanar da ke ba. Kada a taɓa sayen garin da aka ɗiba aka ƙulla a leda, ko gwangwanin da wata ta buɗe ta ce ɗanta ya ƙi sha, tunda yawancinsu wata ɗaya ne wa'adinsu bayan buɗewa. Rubutun da ke jiki ya kasance cikin harshen da wani a gida zai iya karantawa, domin cokalin awo da yawan ruwa sun bambanta daga wannan iri zuwa wancan, kuma tsinka madara da ruwa don ta daɗe yana rame yaro.

A kuma yi hattara da duk wanda ya ba da gwangwanin ɗanɗano kyauta ko ya yi alkawarin rangwame idan an yaye yaro. Dokar Ghana ta shekarar 2000 kan inganta shayarwa, wato LI 1667, ta haramta tallata madarar jarirai da rabon samfurinta ga iyaye mata, saboda haka mai yin hakan ya riga ya nuna irin cinikinsa. A saya a babban kantin magani mai lasisi, a nemi shaidar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, a karɓi rasit, a kuma ɗauki hoton gindin kowane gwangwani kafin a buɗe. Idan an ci karo da wanda ake zargi, kada a mayar wa mai kanti ya sayar wa wata. Hukumar tana da ofishi a nan Kumasi, a kai musu shi tare da rasit ɗin.